Matan fank a Landan da amadar da muka yi wa riƙon sakainar kashi

Wata abokiyar aikina ce ta matsa min sai na raka ta kallon kiɗan fank (punk, wani kiɗan jita mai ƙara da sauri na 'yan tawaye) a wani ɗan ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a kudancin Landan. Wajen ƙunci ne, bango baƙi ƙirin duk an lilliƙa takardu, ƙasa na danƙo saboda giyar da aka zubar, ƙarar jita har a haƙarƙari nake jin ta. Mata uku ne a dandamali, mawaƙiyar ta aske rabin kanta ta rina sauran kore, waƙa ko minti biyu ba ta kaiwa an faɗa wata. Maza a tsakiya sai bangazar juna suke wai rawa ce, kawai ta tsayar da kiɗa ta ce su ja baya mata su matso gaba, kuma suka ja. Wallahi abin ya burge ni. Muna fitowa sai abokiyar nan ta ce min ai ta san a wajenmu mace ba ta isa ta ɗaga murya haka ba. Raina ya sosu.

Ban raina nasu ba fa, na bi tarihin. Poly Styrene ta ƙungiyar X-Ray Spex tun 1976 ta fara kwarmata murya, babanta ɗan Somaliya ne, a Brixton ta tashi. Ari Up shekararta 14 aka kafa ƙungiyarsu ta The Slits. Wancan kiran na mata su matso gaba ma 'yan ƙungiyar Bikini Kill ne suka yaɗa shi daga Olympia ta Amurka a farkon shekarun 1990, ga Big Joanie, mata baƙar fata da suka haɗu a nan Landan a 2013. Jarumai ne, na yarda.

Amma don Allah wa zai gaya min Barmani Choge ba ta ɗaga murya ba? Mace daga Funtua, ba jita ba lantarki, ƙwarya kawai da 'yan amshi, tana faɗar maganar kishiya da ta miji da ta macen da ta zauna ba sana'a, a gaban kowa, maganar da wani namijin ma ba zai iya furtawa ba. Uwaliya Mai Amada a Kano fa? Waɗannan na Landan haushi suke amayarwa, rabin kalmomin ma ba ka ji, ita kuwa Barmani za ta yi miki habaici kina dariya kina liƙa mata kuɗi, sai kin koma gida maganar ta kama ki. A wajena wannan ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne da na zo nuna wa abokiyar tawa hujja. Nasu faifan an sake buga su tsaf, kana shiga shagon faifai a Camden za a miƙo maka, ga hotuna ga hirarraki duk an adana. Namu kuwa sai guntayen bidiyo a YouTube, hoto dishi-dishi, sauti na shaƙewa, wani ma ba a rubuta shekarar ba. Barmani ta rasu a 2013, kaset ɗinta da Innarmu ke sakawa in tana tankaɗe ya bi shara tun da aka daina rediyo mai kaset. Bikin ƙanwata da aka turo min a waya DJ ne tun daga kamu har buɗar kai, ko ƙwarya ɗaya ba a kifa ba, kuma da na yi magana a gurup ɗin gida cewa aka yi wai zaman Turai ne ya sa nake son kayan tsofaffi.