Sunan littafi kawai suke saya su zo su karɓe mana kuɗi

Wallahi na gaji da rainin hankalin da 'yan Hollywood suke mana duk shekara. Daga watan Mayu zuwa Agusta lokacin zafinsu ne a Amurka, yara na hutun makaranta, a nan suke sako manyan finafinansu, mu kuma a nan damina ce, hadari na haɗowa an ɗauke wuta, sai ka tada janareta da fetur ɗin nan da kowa ya san kuɗinsa yanzu, ka sayi data, ko ka daure ka biya kuɗin mota da tikitin sinima, duk don an rubuta a jikin fasta wai daga littafin da kake so aka ɗauko labarin. Ka zauna awa biyu cur kana baza ido, fim ya ƙare ba ka ga littafin ba.

World War Z ne har yau yake ci mini rai. Max Brooks ya fitar da littafin a 2006, kuma babu wani akta guda ɗaya a cikinsa, wani ma'aikacin Majalisar Ɗinkin Duniya ne yake zagaya ƙasashe bayan an gama yaƙi da gawarwakin nan masu tafiya, yana hira da waɗanda suka tsira. Likitan China da ya fara ganin cutar a wani ƙauye ya faɗi nasa, makahon dattijo a Japan ya faɗi nasa, sojan Amurka ya ba da labarin yadda gawarwakin suka yi musu kaca-kaca a garin Yonkers da ke kusa da birnin New York saboda manyansu sun kawo makaman burga don 'yan jarida su ɗauka, ga mutumin Afirka ta Kudu da ya tsara a bar wasu jama'a a matsayin tarko don a ceci sauran. Littafi ne a kan gwamnatocin da suke ɓoye annoba da 'yan kasuwar da suke sayar da maganin bogi, duk wanda ya ga zamanin korona zai gane shi sarai. To me aka kawo mana a Yunin 2013? Brad Pitt yana gudu daga Koriya zuwa Ƙudus zuwa wani ɗakin bincike a Wales, jirgi ya faɗo da shi bai mutu ba, ya yi wa kansa allurar cuta, sannan ya tsaya a tsakiyar bala'i yana kwankwaɗar Pepsi, talla ƙiri-ƙiri. Gawarwakin da a littafi suke jan ƙafa a hankali, wanda shi ne abin tsoron ma, tunda ba sa gajiya ba sa barci, a fim sun koma 'yan tsere suna hawa kan juna suna tsallake katanga. Yonkers ko ƙyallinsa babu. Batun cewa daga China cutar ta taso ma an share shi. Kuma suka kwashi dala miliyan 540 a duniya, ka ga ai ba za su daina ba.

The Dark Tower kuma ban san da wane baki zan faɗa ba. Littafi takwas na Stephen King, tun 1982 ya fara fitar da su, shafi sama da 4,000, aka matse su a minti 95 a Agustan 2017. Minti 95 fa jama'a! Idris Elba da ya fito a matsayin Roland, jarumin labarin, ya yi iya ƙoƙarinsa, ban ga laifinsa ba, amma an ture shi gefe an mayar da labarin na yaro Jake, Eddie da Susannah kuwa da su ne rabin tafiyar ko sunansu ba a kira ba.

Masu karanta komik su ma sun sha. A fim ɗin Fantastic Four: Rise of the Silver Surfer na 2007 aka ɗauki Galactus, ƙaton nan mai cinye duniyoyi, aka mayar da shi gajimare. A X-Men Origins: Wolverine na 2009 aka ɗauki Deadpool, wanda duk abin da aka san shi da shi surutu ne da baƙar magana, aka ɗinke masa baki, don Allah wane irin tunani ne wannan? Iron Man 3 ya zo a Mayun 2013, wata da watanni suna tallata Mandarin a matsayin babban bos, Ben Kingsley na muzurai, ashe wai ɗan wasan kwaikwayo ne mashayi da aka ɗauko haya. Fankam fankam dai ba shi ne kilishi ba.

Kar wani ya zo yana koya mini wai fim daban littafi daban, na sani. Jaws na 1975, wanda daga kansa ma wannan al'adar ta finafinan lokacin zafi ta kafu, Spielberg ya zubar da abubuwa da yawa na littafin Peter Benchley kuma ya yi kyau. Jurassic Park na 1993 ma haka, Hammond, mai gandun dinosaur ɗin, a littafin Michael Crichton mugun mai son kuɗi ne kuma mutuwa ya yi, a fim ya zama kaka mai fara'a, amma maganar littafin tana nan, cewa ɗan Adam ya taɓo abin da ya fi ƙarfinsa. A rage a ƙara ba komai. Abin da nake faɗa a kai shi ne a jefar da cikin gaba ɗaya a riƙe bango.

Kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Fim ɗin da aka zuba wa dala miliyan 200 dole yara 'yan sakandare su iya shiga, shi ya sa ake daddatse shi ya samu lambar PG-13, wato wadda ke ba yara damar shiga kallo ba sai da babba ba, dole ya shiga kasuwar China, Iron Man 3 har wasu mintuna aka ƙara musamman a kwafin da aka nuna a can, dole kuma ya tara kuɗi a kwana ukun farko kafin waɗanda suka kalla su fito su tona asiri. Mu masu karatun aikinmu kawai mu yi musu talla kyauta a Facebook da WhatsApp muna cewa yana nan tafe, yana nan tafe. Da suka bar Ryan Reynolds ya yi Deadpool yadda yake a komik a 2016, da bakinsa da ashariyarsa, ai sama da dala miliyan 780 ya kawo, kuma a watan Fabrairu aka sake shi, ba su ma yarda su ba shi lokacin manyan ba.

Mu a nan akwai ƙarin wata wahalar. Bayan can sun gama yanka labari, sai masu fassara su karɓa su sa nasu barkwancin, su raɗa wa kowa sabon suna, abin dariya ne wani lokacin ban musa ba, amma kafin ya iso wayar ƙannenmu ya zama labari na uku. Sai ka zauna a majalisa yaron da ko bangon littafin bai taɓa gani ba ya ɗaga murya yana gyara maka zance, wai yaya ai gawarwakin World War Z gudu suke yi, ka ce masa a littafi ba sa gudu, ya ce to littafin ne ya yi kuskure, sauran kuma su goya masa baya tunda su ma fim ɗin suka gani.