An canza min waƙar farkon fim, raina ya ɓaci

Jiya da daddare bayan an ɗauke wuta na ce bari in sake kallon Donnie Darko a waya, iyafis a kunne, ko minti 3 ba a yi ba na ji wani abu ba daidai ba. Yaron nan ya farka da asuba kwance a tsakiyar titi a kan tsauni, kekensa yashe a gefe, ya miƙe ya yi wani ɗan murmushi kamar wanda aljanu suka faɗa wa sirri, ya hau keken ya gangaro cikin gari da kayan barci a jikinsa. Komai yana nan yadda na san shi, amma waƙar ba ita ba ce. Ashe wanda na sauke shi ne wanda daraktan, Richard Kelly, ya sake tacewa a 2004, ya cire The Killing Moon ta Echo & the Bunnymen daga farkon ya sa wata ta INXS, wai ita ya so tun asali a 2001 kuɗin sayenta ne babu. To malam, rashin kuɗin nan alheri ya yi maka wallahi. Da waccan ta farko kana kallon unguwar masu kuɗi tsaf-tsaf, rana ta fito, amma jitar tana gaya maka akwai mutuwa a garin nan. Da ta biyun kuwa yaro ne kawai a kan keke.

Ita The Killing Moon irin kiɗan da ake kira post-punk ce. Ga wanda bai saba da kalmar ba, post-punk kiɗa ne da ya ɓullo a Ingila wajen 1978, bayan hayaniyar punk ta su Sex Pistols ta cinye kanta. Samarin Manchester da Leeds da Liverpool ne, lokacin masana'antu na rufewa, yajin aiki ko'ina har shara ta taru a tituna, sannan Thatcher ta hau a 1979. Su punk ihu suke yi, waɗannan kuwa sun gaji da ihun, sai suka koma ciki. Suka tura jitar bes gaba ita ke jan waƙar, ganga a bushe ƙaf-ƙaf kamar ana buga ƙusa, ita jitar gaba kuma ta zo ta yanka ta fita, murya can nesa kamar daga cikin rijiya. Ka saurari Unknown Pleasures na Joy Division na 1979, za ka ji Martin Hannett da ya haɗa sautin ya bar fili fayau a tsakanin kayan kiɗan.

Wannan filin shi ne duk maganata. Kiɗan fim na gargajiya, irin na goge ɗari da ake kwararo maka in jaruma za ta mutu, shi kama ka yake yi da hannu ya ce yi kuka nan. Mu da muka tashi da finafinan Indiya mun fi kowa sanin wannan, kuma ban raina shi ba, na sha kuka na gode. Amma post-punk ba ya cika ɗakin, yana barin wuri hoton ya yi numfashi, kai kuma a bar ka da zullumi ba ka san dariya za ka yi ko gudu ba. Shi ya sa yake zama daram a fim in wanda ya ɗora shi ya san abin da yake yi.

Dubi The Hunger na Tony Scott, 1983. Fim ɗin kansa gaskiya ba wani abin a zo a gani ba ne, tsakiyarsa har gyangyaɗi na yi, amma buɗewarsa fa! Gidan rawa cikin duhu, Peter Murphy na Bauhaus a bayan ragar ƙarfe yana rera Bela Lugosi's Dead yana miƙa kamar jemage, David Bowie da Catherine Deneuve suna ratsa mutane suna zaɓen wanda za su sha jininsa. Ba a ce uffan ba amma ka gama sanin su waye. Ko kuma The Silence of the Lambs na 1991, inda Jodie Foster ta shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na gidan makashin nan bindiga na rawa a hannunta, can ciki Hip Priest ta The Fall na tashi a hankali kamar rediyon maƙwabci. Mutane da yawa ba su ma lura akwai waƙa a wurin ba, tsigar jikinsu ce kawai ta tashi. Daraktan fim ɗin, Jonathan Demme, ya san kan abin, ai shi ne ya ɗauki fim ɗin wasan Talking Heads da ya fito a 1984, su kuma Talking Heads ɗin ba su ɓoye ba cewa Fela ne ya buɗe musu kai lokacin da suke haɗa Remain in Light a 1980, to kun ga abin ma akwai ƙanshin Legas a jikinsa.

Inda nake rigima da abokaina shi ne Marie Antoinette na Sofia Coppola, 2006, fim ɗin sarauniyar Faransa. Wani abokina da ke aikin tace bidiyo ya ce min wannan rainin hankali ne, ta yaya za a ɗauki fadar Versailles ta shekarun 1770 a ɗora mata kiɗan 1979, har da takalmin Converse a cikin tarin takalman sarauniya. A bikin Cannes ma an samu waɗanda suka yi mata ihu. Na ce masa ɗan uwa ka sake kallon sin ɗin farko. Kirsten Dunst a kishingiɗe, baiwa na sa mata takalmi, ta dangwali kek da yatsa ta lasa ta kalle ka ido cikin ido, kuma waƙar da ta buɗe fim ɗin ta Gang of Four ce, 'yan Leeds masu ra'ayin gurguzu, waƙar da ke zagin rayuwar holewa da saye-saye. Wato matar ta ɗauko waƙar da za ta tsine wa sarauniyar ta ɗora a kan fuskarta, ka ce ba da gangan ba? Sannan yarinyar nan shekararta 14 aka ɗauko ta daga Ostiriya aka kai ta gidan da ko rigarta ba ta da ikon sawa da kanta. Da an sa mata kiɗan fada na zamaninta da kallon gidan tarihi za mu yi mata, amma da Siouxsie and the Banshees suka tashi a wurin rawar rufe fuska sai ka ga yarinya ce kawai da ta samu ta sulale daga gida. Ni a nan ina bayan Sofia ɗari bisa ɗari, ko da kuwa fim ɗin ya yi tsawo ya ja ƙafa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda abin ya zama yayi yanzu. Duk wani shiri mai dogon zango da aka ce labarin 1980 da wani abu ne, ko aka samu yaro mai baƙar riga da ba ya magana da iyayensa, sai a jefo Joy Division ko The Cure, shi ke nan wai an nuna yana cikin damuwa. Kamar mai miya ce da ba ta soya komai ba ta watsa magi ta ce a ci. Ba su rubuta damuwar ba, ba su ɗauke ta a kyamara ba, sun aro ta ne daga wurin Ian Curtis, mawaƙin Joy Division, mutumin da ya yi fama da farfaɗiya, aurensa na wargajewa, ya rataye kansa a watan Mayun 1980 yana da shekara 23, ana gab da tafiyarsu Amurka karo na farko. Ciwon wani ba ado ba ne haba.

Wanda ya biya wannan bashin shi ne Anton Corbijn a Control, 2007. Shi dama mai ɗaukar hoto ne da ya ɗauki Joy Division hoto tun Curtis yana raye, ya yi fim ɗin a fari da baƙi, ya sa 'yan wasan suka koyi kayan kiɗan suka buga waƙoƙin da hannunsu, Sam Riley na wannan rawar ta Curtis mai kama da faɗuwar cutar har ka rasa wacce ce wacce. Bai taɓa waƙarsu Atmosphere ba sai a ƙarshe, bayan ka yi kusan awa 2 da mutumin, kyamara ta ɗaga sama hayaƙi na fita daga inda ake ƙona gawa. A wurin na cire iyafis na zauna shiru, janareton maƙwabta na ta ƙara.

Yau dai datata ta ƙare wurin neman Donnie Darko na asali, na 2001, duk wanda ke da shi ya taimaka ya turo min.