Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Nasiha Ga Matasa Masu Rubuta Manhaja

Ƙannena masu sana'ar rubuta manhaja, assalamu alaikum. A makon jiya na halarci wani zama na matasa, inda na ji wani yaro mai basira, wanda ya shekara huɗu yana cin abinci da Qt, yana ta zagin kamfanin da ke riƙe da ita, wai ya ci amana. Na tambaye shi ko ya taɓa aika gyaran layi ɗaya, ko ya taɓa kai rahoton wata matsala da ya gani, ko ya taɓa bai wa masu kula da ita ko sisi, sai ya yi dariya ya ce ai kayan kyauta ne. Dariyar nan ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Qt tarin kayan aiki ne da ake gina fuskar manhaja da su, kuma da ita aka gina fuskar VLC da Telegram na kwamfuta da Krita. A watan Janairun 2020 kamfanin ya sanar da cewa gyare-gyaren fitowar da ake daɗe ana kula da ita za su zama na masu biyan kuɗi kaɗai, kuma a farkon 2021 ya rufe wa jama'a reshen Qt 5.15, wato inda ake zuba gyare-gyaren wannan fitowar, alhali Qt 6 da ta fito a Disambar 2020 ba ta gama cika ba. Ban ce kamfanin ya kyauta ba. Amma ɗan kasuwa riba yake nema, kuma wanda ya rataya rayuwarsa ga alherin ɗan kasuwa bai san kasuwa ba.

Mutanen KDE, ƙungiyar da ke gina manhajojin kyauta a kan Qt, ba su tsaya zagi ba. A watan Afrilun 2021 suka fara tattara faci da kansu, suna ɗauko gyare-gyaren da ke buɗe suna ɗora su a kan 5.15, domin kada masu amfani da ita su zauna da ɓaraka a buɗe. Abin da ya fi burge ni shi ne tun 1998 magabatansu suka kafa gidauniya tare da Trolltech, kamfanin ƙasar Norwe da ya ƙirƙiri Qt, aka rubuta yarjejeniya cewa dole a saki kowane canji ga jama'a cikin wata 12, in kuwa aka daina fitar da ta kyauta, gidauniyar tana da ikon sakinta a ƙarƙashin lasisin BSD, wanda ke barin kowa ya yi amfani da ita kusan yadda ya so. Nokia ta sayi kamfanin a 2008, Qt ta koma hannun kamfanin Digia a 2012, yarjejeniyar tana nan, sai dai a sabunta ta. Tun ran gini ran zane ke nan.

Ku kuwa me kuka shuka? Kuna jan ruwa a rijiyar da ba ku haƙa ba, ba ku taɓa yashe ta ba, ranar da aka sa mata murfi kuma ku ne kan gaba wajen kururuwa. Mutum ya karɓi kwangila, ya gina ta kaf a kan gumin wasu, ya sayi sabuwar waya, amma fassara shafi ɗaya na bayanin manhajar ya gagare shi. Ya gano matsala, ya gyara a kwamfutarsa, ya ɓoye gyaran kamar laya. Kada ma a yi maganar masu kwafo rubutun da ba su karanta ba su miƙa wa mai aiki, ko masu tara takardun shaidar kwas suna baje su a Facebook, wannan wani ciwon ne daban. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma ku kun cinye ladan kun tsere da askar.

Ba na cewa kowa sai ya zama gwani. Ku dai sa hannu a wani abu, komai ƙanƙantarsa, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A lokacin da muka fara, da intanet mai tafiyar hawainiya, mutum kan ji kunya ya yi tambaya bai karanta bayani ba, kuma in ya amfana da aikin wani, ba ya samun natsuwa sai ya mayar da wani abu, ko da godiya ce. Yau kunyar ta ƙaura. Yaron nan, bayan duk bayanin da na yi masa, ya biyo ni har bakin ƙofa, na zaci zai tambayi yadda ake aika gyara, ashe so yake in nuna masa inda zai samu ta masu biyan kuɗin a sace.