Shaɗi ba shi ne balagar ɗan Kano ba

Wai wata Baturiya da ta shekara biyu a Kano ta ga ana zabga wa samari bulala, sai wani ɗan jarida ya ji labarinta ya rubuta cewa haka Bahaushe ke zama namiji. Haba! Abin da ta gani shaɗi ne, wanda Fulani ke ce wa sharo, al'adar makiyaya ce, saurayi ya ɗaga hannu yana duba madubi, ana tsula masa tsumagiya bai ko motsa ba. Ni haifaffen cikin ganuwa ne, ban taɓa ganin an yi wa wani ɗan unguwarmu ba. Mu abin da muka sani kaciya ce, da sanyin hunturu a tara yara 'yan shekara bakwai, wanzami ya zo da jakarsa, a sa maka kara tsakanin gwiwa kada ciwon ya gogu, ka kwana biyu kana shan romon kaza kamar ɗan sarki. Sai kuma saukar karatu, ranar da yaro ya kai izu 60, a yi wa allonsa zayyana, ya karanta Fatiha da farkon Baƙara gaban malamai, sannan ya zaga dangi da allon ana ba shi tukuici. Wanda kuma ya ce duk waɗannan al'adu jahilci ne, ya yi hattara, kaciya sunna ce. Ita kuwa baƙuwar ba laifinta, ido ba mudu ba ne. Amma shi ɗan jaridar, babu dattijo ko ɗaya a kasuwar Kurmi da zai tambaya?