Ba aljanu ne suka rufe mana gidan silima ba

'Yan uwa Maradawa, duk wanda ya tashi a garin nan ya san abin da ake faɗa kan tsohon gidan silima. Wai in dare ya raba ana jin tafi da shewa daga ciki, alhali ƙofa na garƙame. Wasu kuma sun ce wata doguwar mace mai farin zane takan zauna a bencin ƙarshe, ta ƙura wa bangon da ake haska fim ido har asuba.

Ban ƙaryata kowa ba. Aljanu gaskiya ne, Alƙur'ani ya ambace su, kuma a garin da Iya, mai sarautar mata ta fada, ke shugabantar 'yan bori, sunan aljana Doguwa ba baƙo ba ne a kunnenmu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka mai da labarin hujjar barin wurin ya lalace.

Ku tuna yadda yake dā. Fili ne marar rufi, bayan isha'i ake farawa. Mai gyaɗa da mai rake sun jera fitilu a bakin ƙofa, yaran da ba su da ko dala suna maƙale a kan katanga. In mugu ya lallaɓo, sai ka ji ɗaruruwan mutane sun kwatsa wa jarumi "Bayanka!" da murya ɗaya. Zamanin shugaba Kountché, 1974 zuwa 1987, ƙungiyar matasa ta Samariya ma ta sa wasan kwaikwayo ya cika unguwanni.

To me ya kashe shi? Bidiyo ya shiga kowane lungu, sannan aka karya darajar sefa a 1994, kuɗin hayo fim daga waje ya ninka. Daga nan sai jemagu da juji, kango kuwa ba ya rasa labarin aljanu.

Ambaliyar Gulbi ta 1945 ta riga ta ci mana tsohon gari, tsofaffin gine-ginenmu kaɗan ne. Wallahi ina jin zafi in ga yaranmu masu basira suna shirya wasa a waya, ba su da dandali. Alhazan Maradi da hukumar gari, ku taimaka a kwashe sharar, a gyara katanga da bencuna. Malamai su zo su yi addu'a hankalin kowa ya kwanta, sannan a damƙa wa 'yan wasa makulli.