Da gumi aka sayi ɗokin masu kallon The Lord of the Rings

Ranar 1 ga Disamba 2003, birnin Wellington na ƙasar New Zealand ya cika ya batse. Kimanin mutum dubu 100 suka jeru a bakin titi don su ga wucewar jaruman The Return of the King, kashi na uku kuma na ƙarshe na The Lord of the Rings, wato Ubangidan Zobba. A wancan lokaci jama'ar ƙasar baki ɗaya miliyan 4 ne. Abin da ya tara su kuwa labari ne na wasu gajerun mutane masu gashi a ƙafa da ba sa sa takalmi, da wani tsoho mai sanda da dogon gemu, da zobe guda ɗaya da ake son kaiwa wani dutse mai aman wuta a jefa.

Wanda bai kalla ba yakan ce ƙarfin talla ne, ko kuma Turawa ne suka rasa abin yi. Na sha jin wannan magana, kuma ban yarda da ita ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ni a ganina wannan ɗoki da gumi aka saye shi, kuma kamfanonin da suka ci ribarsa sun kasa gane abin da aka biya kafin a same shi.

Tun kafin a ɗauki hoto ko ɗaya, labarin yana da mutanensa. J.R.R. Tolkien, malamin harsuna a Jami'ar Oxford ta Ingila, ya shafe shekara 12 yana rubuta shi, aka buga shi cikin juzu'i 3 a 1954 da 1955. Mutum ne da ya fara ƙirƙiro harsuna, da nahawunsu da baƙaƙensu, sannan ya gina duniyar da za a yi magana da su. Ya je yaƙin duniya na farko, ya ga gumurzun Somme a ƙasar Faransa a 1916, ya kuma rubuta da kansa cewa zuwa 1918 aminansa duk sun mutu sai guda ɗaya. Masu karatu sun ji nauyin wannan a jikin littafin, suka riƙe shi tamkar gadon gidansu, uba ya karanta ya miƙa wa ɗa. Saboda haka da aka ce za a mayar da shi fim, ɗoki da fargaba suka taho tare. A watan Afrilun 2000 aka saki ɗan gajeren tallan fim ɗin a intanet, aka sauke shi sau miliyan 1.7 cikin kwana ɗaya, a zamanin da intanet ke tafiyar hawainiya. Da yawa daga cikin masu saukewar sun zo ne su ga ko an lalata masu abinsu.

Suna da hujjar jin tsoro. Daraktan, Peter Jackson, an fi saninsa da finafinan ban tsoro masu araha. Kamfanin farko da ya riƙe aikin, Miramax, ya so a dunƙule labarin cikin fim ɗaya. Sai da aka koma New Line Cinema, shugabansa Bob Shaye ya ce tunda littattafai uku ne a yi finafinai uku. Kasada ce babba: aka zuba kusan dala miliyan 280, aka ɗauki ukun a tare cikin kwana 274, daga Oktoban 1999 zuwa Disambar 2000, alhali ba wanda ya san ko na farkon zai karɓu. Da ya faɗi, da sauran biyun sun zama asara tun suna cikin akwati.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sulke. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan sulke a hawan sallah ya san yadda rigar take, zobe cikin zobe, ga nauyi, ga yadda take kwanciya a kafaɗa. Ma'aikatan Weta, masana'antar da ta ƙera kayan fim ɗin a Wellington, sun yanka bututun roba ƙanana-ƙanana, suka sarƙa zobba wajen miliyan 12.5 da hannu, ɗaya bayan ɗaya, har zanen yatsun masu aikin ya goge. Mafi yawan rigunan nan a jikin mayaƙan da ke can bayan fage suke, waɗanda kyamara ke wucewa ta kansu cikin ƙiftawar ido. Haka aka yi da takubba da kwalkwali da garkuwa da sirdi, kowace ƙabila ta cikin labarin da irin nata zane. Ƙauyen gajerun mutanen nan da aka gina a wata gonar tumaki kusa da Matamata, shekara guda kafin ɗauka aka shuka ciyayinsa da kayan lambunsa, don ya yi kama da wurin da aka daɗe ana zaune. Aka ɗauko Alan Lee da John Howe, masu zanen da masu karatu suka saba ganin hotunansu a jikin littattafan, aka ce su zana gidaje da ganuwa. Yaƙin ganuwar Helm's Deep kaɗai watanni aka yi ana ɗaukarsa, yawanci da dare, cikin ruwa da sanyi.

Mai kallo ba ya ƙirga zobban sulke. Amma ido yana gane abin da aka yi da gaske, kamar yadda ake gane aikin hannu a wuyan babbar riga tun daga nesa. Idan mutum ya ga an girmama abin da yake ƙauna har a inda ba za a lura ba, sai ya saki jiki ya miƙa wuya. Wannan sakin jikin ne ya koma layuka a ƙofar silima a Disambar 2001, da 2002, da 2003, ya koma kusan dala biliyan 3, ya koma kyautar Oscar 17, har kashi na uku ya lashe duka 11 da aka sa shi takara a kansu.

Akwai kuma abin da labarin ke faɗa, wanda kayan ado ba za su iya maye gurbinsa ba. Na san wasu za su ɗaure fuska da jin akwai siddabaru a ciki. Mu da muka tashi da Gizo da Ƙoƙi da Dodo mun san tatsuniya takan ari abin da babu don ta faɗi abin da ke akwai. Zoben nan mulki ne tsagwaronsa, wanda duk ya sa shi zai juya kowa yadda ya so. Masu hankalin cikin labarin duk sun ƙi karɓarsa, domin sun san ko da niyyar alheri suka ɗauka sai ya mayar da su azzalumai. Jarumin da ya ce a yi amfani da shi a kare ƙasa, shi ne ya fara zamewa. Sai aka ɗora kayan a wuyan mafi ƙanƙanta, Frodo, shi ma da ya isa bakin wutar ya kasa jefawa. Abin da ya ceci duniya a ƙarshe shi ne tausayin da aka taɓa nuna wa Gollum, wata ƙasƙantacciyar halitta da kowa ya ce a kashe aka ƙyale.

Na kalli kashi na uku a ɗakin wani abokina, a ƙaramar talabijin, janareto na ruri a waje. Cikinmu akwai wani ƙanensa da Turancinsa bai taka kara ya karya ba, yana ta tambaya wane ne wannan, me ya ce. Da aka zo inda Frodo ya faɗi a gindin dutsen, leɓe ya tsage, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, sai Sam, mai kula masa da lambu, ya sunkuya ya goya shi ya ci gaba da hawa, yaron nan ya daina tambaya. Can sai ya ce, a hankali, "Wannan ɗan halak ne." Bai karanta Tolkien ba, bai san Oxford ba, amma ya kama zancen gaba ɗaya.

Ban ce fim ɗin ba shi da aibi ba. Christopher Tolkien, ɗan marubucin, wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen tace rubuce-rubucen mahaifinsa, ya shaida wa jaridar Le Monde ta Faransa a 2012 cewa an farke cikin littafin an mayar da shi fim ɗin faɗa na matasa. Yana da gaskiya a wani ɓangare. A littafin, bayan an ci yaƙi, su Frodo sun koma gida sun tarar an sare bishiyoyi, hayaƙi na tashi, 'yan baranda na mulkin ƙauyensu, har da wasu 'yan gari a cikin masu taya su. Wannan babi shi ne ya fi kama da abin da sojan da ya dawo daga Somme zai rubuta, kuma Jackson ya cire shi, ya mayar da su gida suka tarar da komai lafiya lau. Har yau ina ganin an yi rashi a nan.

Wani abin kuma ya fi taɓa mu. Mayaƙan kudu da na gabas da suka zo taya azzalumi, masu naɗe fuska da hawa manyan giwaye, ba sai an gaya wa Bahaushe da wa suka yi kama ba. Mutanen kirki kuwa kusan duk farare ne. A dogon zubin kashi na biyu akwai inda Faramir, wani jagoran mayaƙa a ɓangaren mutanen kirki, ya tsaya a kan gawar ɗaya daga cikin waɗancan mayaƙan kudu, saurayi ne, yana tunanin ko mene ne sunansa, daga ina ya fito, da wace ƙarya ko barazana aka raba shi da gida. A littafin Sam ne ya yi wannan tunani. Wurin yana da kyau ƙwarai, sai dai minti ɗaya ne cikin sa'o'i fiye da 11, kuma ba ya cikin zubin da aka nuna a silima. Mutum yana iya ƙaunar fim ya kuma faɗi wannan. Waɗanda ban yarda da su ba su ne masu mayar da ƙauna sanda, irin waɗanda suka yi ta zagin baƙaƙen jarumai a 2022 da Amazon ya fito da shirinsa na The Rings of Power. Wanda ya kalli labarin da ya haɗa ƙabilu masu gaba da juna a tafiya ɗaya, ya fito yana zagin mutum don launin fatarsa, bai ji abin da aka faɗa ba.

Babban laifin dai na masu kuɗi ne. Sun ga layuka, sun ga biliyoyi, sai suka ɗauka sunan ne ke sayarwa. The Hobbit, da Tolkien ya fitar a 1937, ɗan littafin yara ne mai shafi kamar 300. Aka shirya yin finafinai biyu da shi, a 2012 aka ce a'a, uku za a yi, aka ja shi kamar ƙiri har 2014. Daraktan farko, Guillermo del Toro, ya janye a 2010, Jackson ya karɓa a gurguje, ya kuma amsa da bakinsa daga baya cewa ya shiga ɗauka ba tare da isasshen shiri ba. Wanda ya samu shekaru yana shirya na farko, yanzu ga shi yana tsara fage a ranar ɗauka. Maƙiyan da a da mutane ne sanye da kayan da aka ƙera da hannu, yawancin manyansu suka koma zanen kwamfuta. Kuɗi sun shigo, kusan dala biliyan 3 a karo na biyu, domin mutane sun je da tsohuwar yarda. Amma tambayi duk wani masoyin labarin wanne yake komawa ya sake kallo.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. A 2010 ƙungiyar 'yan wasa ta nemi a zauna a yi yarjejeniya kan sharuɗɗan aiki, sai aka fara maganar ɗauke The Hobbit daga New Zealand. Dubban mutane suka fito titi suna roƙon kada a tafi da shi, da zuciya ɗaya suka fito, don suna jin labarin ya zama nasu. Wakilan Warner Bros, kamfanin finafinan da ke ɗaukar nauyin aikin, suka sauka Wellington, suka gana da gwamnatin Firaminista John Key, cikin 'yan kwanaki majalisa ta gyara dokar ƙwadago. Ma'aikatan fim suka koma 'yan kwangila, waɗanda a lokacin ba su da ikon haɗa kai su yi ciniki kan haƙƙinsu kamar sauran ma'aikata, kamfanin kuma ya samu ƙarin rangwame daga baitulmali. Har yau dokar Hobbit ake ce mata. Wato ƙaunar jama'a ce aka ɗauka aka dafa kan irin mutanen da yatsunsu suka goge wajen sarƙa sulke. Labarin da ke gargaɗi kan abin da iko ke yi wa mai shi, da shi aka murɗe hannun ƙasa guda.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a daina ɗoki, wai don kada a cuce ka. Mutumin da ba abin da ke motsa shi ba wayo ya fi mu ba. Abin da nake so shi ne masu kallo su san darajar abin da ke hannunsu, su daina bayar da shi kyauta ga duk wanda ya ɗaga tsohon suna. Amazon ya biya kusan dala miliyan 250 don samun izinin taɓa duniyar Tolkien kawai, kafin a ɗinka riga ɗaya. A 2024 kuma Warner Bros ya sanar da sabon fim a kan farautar Gollum, wanda Andy Serkis, mutumin da ya fito a matsayin Gollum ɗin, zai ba da umarni. Abin da za a gina fim ɗin a kai 'yan shafuka ne a rubutun Tolkien. Zan so ya yi kyau, da gaske nake, domin Serkis ya san halittar nan ciki da bai, shi ya yi rarrafe a cikin ruwan sanyi don ta rayu. Idan ya fito zan kalla, zan kuma zuba ido a kan mayaƙin da ke can layin baya, in ga me aka sa masa a jiki.