Kyamara ta gyaru, rubutu ya tsaya: abin da ke damun fina-finanmu masu dogon zango

Duk mai bin fina-finan Hausa masu dogon zango ya san wannan fitowar. Falo mai labule har ƙasa, Hajiya na kishingiɗe a doguwar kujera, 'yarta ta shigo da sallama. A gaisa, a tambayi gajiya, a tambayi yara. Sai 'yar ta ɗauko abin da mijinta ya yi mata, wanda muka gani da idonmu ɗazu-ɗazun nan, ta sake zayyana shi tun daga farko. Hajiya ta ce a yi haƙuri. Minti shida sun tafi, labari yana nan inda aka bar shi.

Hoton kuwa tas yake. Ana ɗauko gari daga sama, sauti ya fita, kaya sun yi kyau. Rubutu ne aka bari a baya, kuma laifin bai tsaya kan marubuta kaɗai ba.

A yi lissafi. A ƙa'idar rubutun fim, shafi ɗaya na sikirif yana ba da kusan minti ɗaya a allo. Kashi mai minti 45 yana son shafi 45, zango mai kashi 13 kuma shafi 585, kusan awa goma ke nan. Fim na zamanin faifai, na ɗaya da na biyu, da wuya ya haura awa uku. Da satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifai, sai masana'antar ta karkata ga talabijin, musamman bayan buɗe Arewa24 a 2014, daga baya kuma YouTube. A can talla ce ke biya, bidiyon da ya kai minti 8 ne ake iya sa wa talla a tsakiya, kuma masu kallo na jiran sabon kashi duk mako. Sai aka ɗauki labarin awa uku aka miƙe shi ya cika awa goma. Cikon shi ne gaisuwa, kiran waya, maigadi na wangale get, mota na shiga a hankali, da tuna baya.

Abin da ya fi wannan ɓarna shi ne fara ɗauka kafin a gama rubutu. Sau da yawa marubuci na kan kashi na bakwai ana ɗaukar na biyar, wani lokaci ma a lokeshan ake gaya wa jarumai gundarin fitowa su cika maganar da kansu. Wanda bai san ƙarshen labarinsa ba ba zai iya shuka komai a farko ba. Shi ya sa ake ba mutum laƙabi a maimakon hali. Kishiya muguwa ce don kawai kishiya ce. Uwar miji ta tsani suruka tun kafin ta gan ta. Idan zango ya zo ƙarewa sai a aiko da hatsarin mota ko shanyewar ɓarin jiki, muguwa ta fashe da kuka ta nemi gafara.

Asiri ma an mayar da shi mafaka. Idan miji ya juya wa matarsa baya saboda an binne masa laya, to bai zaɓi komai ba, ba ya da alhaki, kuma babu abin da za mu gane game da shi. Hali yana bayyana ne a lokacin da mutum ke da hanya biyu, kowace da tsadarta, ya ɗauki ɗaya. Tsofaffin da suka yi mana tatsuniya sun san wannan. Gizo cikinsa yake bi, kowace dabara tasa daga kwaɗayi da ƙyuya take fitowa, kuma kwaɗayin ne ke kai shi ya baro.

Kafin a rubuta kalma ɗaya ta magana, ya kamata kowane babban ɗan wasa ya samu shafi guda mai amsa tambaya uku: me yake so, me yake tsoro, me zai rasa idan ya faɗi. Ɗauki uwargidan nan da aka saba nunawa tana zare ido. A ce shekararta 18 da aure, 'ya'yanta huɗu duk mata. Gonar gadonta ta sayar aka yi rufin gidan, amma takardar fili sunan maigida take ɗauke da shi. Ga amarya da ciki, kuma uwargida ta san rabon namiji a gado ninki biyu ne na mace. Yanzu ba ta bukatar ihu. A nuna ta ranar girkin amarya, makullin sito a ɗaure a gefen zaninta, tana auna shinkafa, ta cika gwangwani na huɗu, ta dubi ƙofar ɗakin amarya, ta mayar da shi cikin buhu. Da dare abinci ya kasa, maigida ya yi wa amarya faɗa, ita kuwa tana jan carbi ba ta ɗago kai ba. Mai kallo zai ƙi abin da ta yi, amma zai gane ta, wataƙila ma ya tuna wata gwaggonsa.

Kowace fitowa kuma a yi mata gwaji: wa ke neman abu a nan, wa ya tare masa hanya, me ya sauya kafin a tashi? Wadda edita zai cire ba tare da kowa ya lura ba, tun a takarda ya kamata a soke ta. Gaisuwa al'adarmu ce, ba wanda ya ce a bar ta, amma a sa ta aiki. Suruka ta durƙusa har ƙasa, aka amsa mata a daƙile ba a ce ta tashi ba: daƙiƙa goma sun faɗi abin da minti shida suka kasa.

Wasu na fakewa da Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001. Tana da ƙa'idojinta kan sutura da mu'amalar maza da mata, amma babu dokar da ta hana a ba kishiya dalili.

Gyaran na hannun furodusa. A kammala zango gaba ɗaya a takarda kafin a kunna kyamara. A jera kashi 13 ɗin a bango, kowace fitowa da katinta, a ga inda jarumi ya ɓace kashi uku ba labari, da inda aka buɗe magana ba a rufe ba. A tara jarumai wuni biyu su karanta sikirif da baki, domin maganar da ba ta kama da ta mutane a nan take tona kanta. Kuɗin wannan zama bai kai na hayar gida, man janareto da abincin ma'aikata da za a ƙona wajen sake ɗauka ba. Marubuci kuma a biya shi sau uku: a kan tsarin labari, a kan rubutun farko, a kan gyara, kuma a ba shi watanni. Kano da kewayenta cike suke da marubutan littattafai, mata da yawa a cikinsu, waɗanda suka shafe shekaru suna rubuta zaman gidan aure daga ciki. Su ya kamata a zaunar a teburin tun ranar farko.